Yadda Na Kashe Ƙugin Jitar Teisco

Alhamdulillahi, ƙugin ya tafi! Jitar lantarki ce ƙirar Japan, Teisco ta shekarun 1960. Da zarar na jona ta da amfilifaya sai ƙugi, ko na dafa tsirkiyoyin bai raguwa. Na sauya kebur, na goge makunnai, a banza.

Sai na sa mitar gwajin lantarki a kan om (awon da ke nuna ko wuta na iya bi tsakanin wurare biyu), tsinke ɗaya a tsirkiya, ɗaya a bakin soket ɗin jitar: babu haɗi. Na sassauta tsirkiyoyin, na kwance ƙarfen da ke riƙe su, ashe wayar atin da ke ƙarƙashinsa (wadda ke haɗa tsirkiyoyin da atin don hana ƙugi) ta tsinke don tsufa. Na zura sabuwa, na kankare ƙarfen bayan maɓallin murya har ya yi haske (dalma ba ta kama datti), na liƙa wayar a wurin da dalma. Mita ta nuna kusan 0, wato haɗi ya dawo, ƙugin ya yi tsit.