Yadda ake haɗa siniya da juniya su zama abokan shawara a sakandare

Kada ka fara da firifet. Malamai da yawa a nan Jos, da sun tashi wannan aiki sai su ɗauko shugaban ɗalibai da masu zuwa na ɗaya a aji. Yaron JSS1 ba zai buɗe cikinsa ga wanda ya sa shi tsallen kwaɗo jiya ba. Nemi ɗan SS2 wanda juniyoyi ke zuwa wurinsa da ƙafarsu, aron biro ko rabon faɗa. 'Yan SS3 ka ƙyale su, WAEC da NECO da JAMB sun ishe su.

Siniya ɗaya, juniya uku, mata da mata, maza da maza. Ni ba na haɗa 'yan unguwa ɗaya. In duk daga Anguwan Rogo suke, kafin Juma'a magana ta isa kunnen uwa.

Inda abin ke wargajewa kullum shi ne batun sirri. Siniya tana son a yarda da ita, sai ta ce "wallahi ba mai ji." Ana nan sai juniya ta ce wani a gida yana taɓa ta, ko ta gaji da rayuwa, ko ƙawaye sun fara ba ta tramadol. Yanzu 'yar shekara 16 ta kasa barci: in ta faɗa ta ci amana, in ta yi shiru abin ya fi ƙarfinta. Saboda haka tun ranar farko kowace siniya ta haddace wannan, ta kuma faɗa da bakinta: "Ƙanwata, maganarki tana nan tsakaninmu, sai dai in wani yana cutar da ke, ko kina tunanin cutar da kanki, ko ƙwaya. Wannan zan kai wa Malama, kuma tare za mu je." Sa su gwada a gabanka, ɗaya ta zama juniya, har kunya ta sake su. Malamar da za a kai wa ta zama guda ɗaya, sananniya, mai kama bakinta a ofishin malamai. Abin da ya fi ƙarfinta, ta kira iyaye a nufi ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo.

Sauran da sauƙi. Minti 20 sau ɗaya a mako, ƙarƙashin bishiya, da hunturu kuma a aji, ƙofa a buɗe. Ba ya cin kuɗi, littafin rubutu ɗaya na sa hannu ya isa. Ba wanki, ba ɗebo ruwa, ba aike. Siniyar da ta mai da kanta uwar ɗaki a cire ta ranar. Ƙarshen zango ka tambayi juniyoyi su kaɗai, wanda ke son canji a canza masa.