Kurakuran da na gaji da gani a takardar zaɓuɓɓukan kwamfaila

Duk shekara ɗaliban kimiyyar kwamfuta kan zo sanin makamar aiki a ofishinmu da ke Zoo Road, kuma duk shekara labarin ɗaya ne. Yaro zai ƙara sabon zaɓi, wato umarnin da ke sauya yadda take aiki, a ƙaramar kwamfailarmu (manhajar da ke fassara kod zuwa harshen na'ura), aiki ya yi kyau, ya turo faci, wato gyaran kod ɗin, amma takardar bayani ko buɗe ta bai yi ba. Ka tambaye shi ya ce, "Yallaɓai, idan mun gama zan rubuta." Yaushe aka taɓa gama manhaja?

Wanda ya fi ci mini rai shi ne a bayyana zaɓi ba a faɗi halin da yake ciki idan ba a taɓa shi ba. A kunne yake ko a kashe? Tun daga wane fitowa? Wannan ya taɓa hana ni barci. A 2020 GCC 10, sabon fitowar kwamfailar GCC da muke amfani da ita, ya fito, ya mayar da -fno-common asalin saiti, alhali da -fcommon ne. Su masu GCC sun sanar. Amma takardarmu ta cikin gida, wadda wani ya tsakuro ya tafi abinsa, layi ɗaya ta ba -fcommon, babu maganar asali, babu lambar fitowa. Muka sabunta na'ura, sai tsohuwar manhajar lissafin kaya da muka yi wa wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ta ƙi haɗuwa, allo ya cika da "multiple definition". An ɗauke wuta, janareto na shan mai, Alhaji na kira yana cewa gobe da safe yaransa za su ƙirga dilolin atamfa. Ashe wani ma'ajin ƙima (variable) ne aka ayyana a fayil na kai (header) ba tare da extern ba, kalmar da ke nuna cewa ainihinsa yana wani fayil, fayiloli da yawa suka ɗauke shi. Tsohon GCC mai -fcommon yana haɗe maimaicin ya yi shiru, sabon mai -fno-common ba ya yafewa. Gyaran kalma ɗaya ne, nemansa ya cinye dare.

Tun daga nan ba na karɓar bayanin da bai faɗi abin da zaɓin ke yi, asalin saitinsa, da fitowar da ya fara ba. Kada kuma ku rubuto mini daga ka. Ku buga gcc -Q --help=optimizers -O2, na'ura ta faɗa muku abin da ke kunne. Ko asalin -std, zaɓin da ke faɗin sigar harshen da za a bi, ma ba a zaune yake ba: a harshen C ya koma gnu11 a GCC 5, gnu17 a GCC 8, gnu23 a GCC 15. Wanda ya rubuta "asali gnu11 ne" ya yi shiru, ya haƙa wa na baya rami.

Na biyu, raba kod da bayaninsa. A GCC ana ayyana zaɓi a fayilolin .opt kamar common.opt, bayanin kuma yana invoke.texi, inda ban da cikakken bayani akwai jerin taƙaitawa a sama. Wuri uku ke nan, kuma na ukun ake mantawa. Clang kuwa, wata kwamfaila ta daban, daga fayil ɗin Options.td yake fitar da jerinsa kai tsaye. Wasu abokan aikina sun ce a bar wa na'ura duka. Ni ban yarda ba: na'ura ta fitar da sunaye, mutum ya rubuta dalili da misali. Ƙa'idata dai, facin da ya taɓa zaɓi bai taɓa takarda ba, mayar da shi nake yi, ko na wane ne. Ku ji haushi, ba komai.

Sauran ƙanana ne. Kada ku yi wa -f kaza mai kunnawa da -fno- kaza mai kashewa bayani biyu, wata rana za su saɓa wa juna. GCC ɗaya yake bayyanawa, wanda ba shi ne asali ba. Zaɓuɓɓukan -m, waɗanda suka danganci nau'in na'ura, na x86 da na ARM kowa da sashensa. A fihirisa ku cire karan da ke gaban suna, in ba haka ba komai zai taru a harafi ɗaya. Zaɓin da aka daina amfani da shi kada a goge shi a ɓoye, a rubuta magajinsa, domin akwai Makefile, wato fayil ɗin umarnin haɗa manhaja, na shekara goma da ke kiransa. Zaɓin da ke kunna wasu kuma a jero su da suna, don har yau ina haɗuwa da masu rantsuwa cewa -Wall yana kunna duk gargaɗi, ba su taɓa jin -Wextra ba.