Darasi na Tara: Cire Ƙurar Birki daga Wilin Mota

Ku tsuguna kusa da motar da ta kwana biyu ba a wanke ta ba, ku dubi ƙafafunta. Za ku ga wilin gaba ya yi baƙi ƙirin, na baya kuwa da sauƙi-sauƙi. Ku shafa yatsa a kai. Abin da zai biyo yatsan gari ne mai laushi, baƙi, wani lokaci da ɗan ja-ja a ciki. Mutane da yawa suna ɗaukarsa ƙurar hanya. Akwai ta hanya a ciki kam, amma mafi yawansa daga birki ya fito, kuma da garin ƙarfe a cikinsa.

Daga ina take fitowa?

A bayan wili akwai faifan birki. Yawanci da zubin baƙin ƙarfe ake yin sa. Duk sa'ad da direba ya taka birki, fad biyu, wato takalman birki, ne suke matse faifan ta gefe da gefe har mota ta rage gudu. Wannan gugar tana cin fad ɗin, tana cin faifan, tana kuma haifar da zafi sosai. Ɓarɓashin da ya tashi yana sauka a kan wili da zafinsa, ya lafe a jikin fenti. Ƙafafun gaba su suka fi ɗaukar nauyin birki, shi ya sa suka fi baƙi.

Yawancin wilin alminiyam na motocin yanzu yana da fenti, a samansa kuma akwai wani siririn shafi mai sheƙi marar launi. Idan ɓarɓashin ƙarfe ya daɗe a kan shafin nan, raɓa da ruwan sama suna taɓa shi, sai ya yi tsatsa. Tsatsar tana kama shafin, tana barin ƙananan ɗigo ja ko ruwan ƙasa. In aka yi sakaci wata da watanni, sai ta fara huda shi. Daga nan wanki ba zai yi magani ba, sai dai a sake fenti.

A nan ne masu wanki da yawa suke kuskure. Sabulu ya ƙi fitar da ɗigon, sai su ɗauko soson ƙarfe su yi ta dirza. Ɗigon zai fita, amma tare da sheƙin wilin zai tafi, kuma ƙurar gobe za ta sami karce inda za ta ƙara maƙalewa. Ni a ganina babu abin da ya fi ɓata wili kamar wannan soson. Ku raba shi da bokitin wankin mota baki ɗaya.

Kafin a fara

A bar mota ta huce a inuwa. Ku kai bayan hannu kusa da wili. In kun ji yana fitar da zafi, ku jira. Ruwan sanyi a kan faifan da ya ɗau zafi yana iya cutar da shi, magani kuma yakan bushe nan take a kan wili mai zafi ya bar tabo.

Ku tanadi bokiti da buroshi mai laushi da tsumma na wili kaɗai. Tsumman da ya taɓa wili kada ya hau jikin mota, domin garin ƙarfen da ke cikinsa zai karce fenti. A sa safar hannu ta roba da tabarau. Kada a hure ƙurar da baki ko da iskar injin hura taya. Akwai tsofaffin fad da wasu marasa inganci da ake sa wa asbestos, wanda shaƙarsa ke lalata huhu, kuma ba a gane shi da ido. A jiƙa ƙurar da ruwa tukuna, kullum.

Wankin kansa

Ƙafa ɗaya-ɗaya ake yi. A fara fesa ruwa a kore yashi da laka. Sai a wanke da sabulun mota da buroshi, a shiga tsakanin hannayen wili da ramukan noti, a leƙa can ciki inda ƙurar ta fi taruwa. A ɗauraye. In wilin na samun wanki a kai a kai, wannan kaɗai ya isa.

In kuwa bayan wanki kun shafa kun ji gurzi-gurzi a ƙarƙashin yatsa, ko kuna ganin ɗigo, lokacin maganin cire ƙarfe ya yi. Ruwa ne a kwalbar feshi. Iron X na kamfanin CarPro yana cikin waɗanda aka sani, akwai kuma wasu da yawa. Sinadarin da ke yin aikin a yawancinsu shi ne tayogilaikolet, dangin wanda ake sawa a wasu magungunan gyaran gashi. Warinsa irin na ruɓaɓɓen ƙwai ne, don haka a waje ake aikin, inda iska ke kaɗawa.

A fesa shi a kan wili ko'ina, sannan a dakata. Yawanci ba launi gare shi ba sa'ad da ya fito daga kwalba. Bayan ɗan lokaci za ku ga ƙananan ɗigo ja sun ɓullo, suna faɗaɗa, suna gangarowa ƙasa, har su koma ja mai duhu ko shunayya. Wannan launin shaida ce maganin ya haɗu da ƙarfe yana narkar da shi. Yawancin kwalabe suna cewa a bar shi minti 3 zuwa 5, amma ku karanta abin da ke jikin taku, in rubutun ya yi muku wuya ku nemi wani ya karanta muku. Babban sharaɗi shi ne kada ya bushe a kai. A bi shi da buroshi a hankali, a ɗauraye da ruwa mai yawa har cikin ramukan noti. Wilin da ya daɗe da datti yakan buƙaci zagaye na biyu. In an fesa launin bai ƙara fitowa sosai ba, ƙarfen ya ƙare.

Baƙin ɗigo mai danƙo wanda bai canza launi ba, wannan kwalta ce, maganinta daban.

Hattara da asid

Akwai magungunan wanke wili masu asid mai ƙarfi. Suna aiki da sauri, shi ya sa wasu ke son su. Ku dubi lambar pH a jikin kwalba, wato lambar da ke nuna ƙarfin asid ɗin magani. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, mai kusa da ita ya fi aminci. Duk yadda lambar ta yi ƙasa, haka asid ɗin yake da ƙarfi. Irin wannan yana dusar da alminiyam marar fenti, ya bar farin tabo. Mafi muni shi ne mai asid ɗin haidurofulorik. Yana ratsa fata ya shiga jiki, kuma zafinsa ba ya tashi nan da nan, sai bayan awanni. Wanda ya taɓa masa fata ya wanke wurin da ruwa mai gudu na tsawon lokaci, ya tafi asibiti da kwalbar a hannu, ko da bai ji ciwo ba. Magani marar takarda a jiki, wanda aka juye a wata gora, kada ku yi aiki da shi.

Bayan wanki

A goge wilin ya bushe. In da hali a shafa masa kakin mota, domin yana hana sabuwar ƙura kamawa da ƙarfi. A kula kada kakin ko mai ya taɓa faifan birki. Za ku ga faifan ya yi ja da tsatsa bayan mintoci kaɗan. Kada hankalinku ya tashi, taka birki na farko zai share ta. Amma a tashi a hankali, a ɗan taka birki sau da yawa har ya bushe ya kama yadda ya saba.

Mai wanki yakan ga abin da mai mota bai gani ba. In wili ɗaya ya fi ɗan'uwansa na ɗaya gefen baƙi sosai, ko ya fi shi zafi bayan tafiya, mai yiwuwa birkin wannan ƙafar yana riƙewa. Ku gaya wa mai motar ya kai ta wurin bakanike.

Aikin yi

Kafin zama na gaba, kowa ya sami mota ɗaya da izinin mai ita. Ya shafa wilin gaba da na baya da farin tsumma mai laima, ya rubuta jimla uku a kan bambancin da ya gani. Wanda ya sami kwalbar maganin wanke wili ya kwafo lambar pH da yawan mintocin da aka rubuta a jikinta, mu karanta tare a aji.