Yadda za ka gane wace "ma" aka faɗa maka a Makka

Kalmar "ma" baƙi ɗaya ce da wasali ɗaya, amma tsakanin Harami da Shara Mansur za ka ji ta a bakin Balarabe da Basudane da ɗan Bangaladash da ɗan Iran, kowa da abin da yake nufi. Kunnen Bahaushe kuwa ya riga ya saba da tasa: "ni ma", "na gaya ma", "ma haɗu gobe in Allah ya kai mu". Saboda haka sai ya ji ta baƙo ya fassara ta da ta gida.

Fara da duba wurin da ta faɗo a magana. "Ma" ta Hausa mai nufin "har da" tana bin kalma ne a baya: shi ma, yau ma. Ta Larabcin kasuwa tana shiga gaba, kuma aikinta kore magana, kamar "ba" ɗinmu. "Ma a'arif" ban sani ba, "ma abga" ba na so, "ma indi" ba ni da shi. Basudane yana hani da ita: "ma tamshi", kada ka tafi, inda mutumin Jidda zai fi sa "la".

Babban tarkon shi ne "mafi". A wurinmu mafi kyau shi ne wanda ya ɗara saura. A Larabci "fi" na nufin akwai, "ma fi" kuma babu. Ka ɗauki dadduma biyu a shago a unguwar Misfala, ka ɗaga ɗaya, yaron shago ɗan Indiya ya girgiza kai ya ce "hada mafi kwayyis". Kunnenka zai ce maka ita ce mafi kyau, alhali cewa ya yi ba ta da kyau. Ma'aikata baƙi sun mai da "mafi" abin kore komai a guntun Larabcinsu: "mafi ma'alum" ban sani ba, "mafi fulus" babu kuɗi, "mafi mushkila" ba damuwa. Haka kuma in kana shawara da abokin tafiyarka a gaban mai kaya kana ta "mafi araha, mafi ƙarfi", shi "babu, babu" yake ji. Gara ka ce "wannan ya fi". In kana son na sama da wanda aka ba ka, ce "ahsan". In mai sauƙin kuɗi, "arkhas".

Kada ka ɗauko "ma" ta Hausa ka dasa a Larabci. Wanda yake son cewa "ni ma" ya ce "ana ma", to za a tsaya ana jiran ya ƙarasa, don ya fara cewa "ni ba na…" ne. Abin da ake faɗa shi ne "ana kaman", 'yan Sudan kuma sukan ce "ana bardu".

Sai ka saurari ƙarshen kalmar. In an ja ta aka datse da hamza, "maa'", ruwa ke nan, kamar a "ma'u Zamzam". Wannan ta rubutu ce da bakin malamai; a titi "moya" ake cewa, a Saudiyya da Sudan duka, kuma ita za ka nema a shago. In da ainun a ciki, "ma'a", ma'anarta tare da, shi ya sa ake sallama da "ma'as salama". Akwai kuma wadda muke faɗa kullum ba mu lura ba: "ma" ta cikin "Masha Allah" nufinta "abin da", wato abin da Allah ya so. A Larabcin littafi tana tambaya ma, "masmuka", me sunanka, ko da yake jami'i a Jidda "esh ismak" zai ce.

Inda Hausa za ta taimake ka shi ne allunan hanya. Yadda muke gina masallaci da makaranta da masauki da "ma" a goshi, haka Larabci yake gina sunan wuri: mataf wurin ɗawafi, mas'a wurin sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, mat'am gidan abinci, makhraj mafita. Harsunan biyu dangi ne na nesa. Ka dai lura cewa wannan "ma" gajera ce, manne take da kalmar, ba ta kore komai.

Sauran harsuna ba sa bukatar dogon nazari, duba mai maganar kawai. Ɗan Bangaladash da ke kiran "ma, ma" a cikin cunkoson ɗawafi mahaifiyarsa yake nema. Ɗan Pakistan zai ƙara mata ɗan hanci, "maan". A bakin mutumin Iran "ma" na nufin "mu". Baturke yana liƙa ta a bayan kalmar aiki don hani: "yap" yi, "yapma" kada ka yi. Alhazan Sin kuwa da karin murya 4 suke juya ta, ta zama uwa, ko rama, ko doki, ko zagi, abin da ba zai ba Bahaushe mamaki ba, tunda shi ma da karin murya yake raba kuka na hawaye da kukar miya.

In kuɗi ne ko magani ko lokacin tashin mota, kada ka dogara da kunne. Maimaita da tambaya mai amsa biyu, "fi walla ma fi?", akwai ko babu, sannan ka miƙa wayarka ya danna maka lambar riyal ɗin da hannunsa.