Yadda za ka sauya sifikar wayarka da kanka

Wayar hannu tana da sifika biyu, kuma kafin ka taɓa sukudireba sai ka tabbatar wacce ce ta lalace a cikinsu. Ta farko ita ce ƙaramar da ke saman gilashi, wadda kake karawa a kunne idan ana kira. Ta biyu ita ce babbar, wadda masu gyara ke kira ringa, yawanci tana ƙasan waya kusa da wurin caji, wasu wayoyin kuma a bayansu take. Ita ke fitar da ƙarar kira, karatu, bidiyo da saƙon murya na WhatsApp. Idan kai ne ba a jin muryarka, wannan matsalar makirfo ce, sauya sifika ba zai magance ta ba.

Gwajin mai sauƙi ne. Kira wani, ka saurara a kunne, sannan ka buɗe murya a fili. Wadda ta yi shiru ko take kakari ita ce mai laifin. Wayoyin Samsung da yawa suna buɗe shafin gwaji idan ka danna *#0*# a wurin kira, inda za ka ga Receiver don ta kunne da Speaker don babbar. A Xiaomi da Redmi lambar ita ce *#*#6484#*#*.

Kafin ka buɗe waya

Kaso mai yawa na wayoyin da ake cewa sifikarsu ta mutu lafiyarsu ƙalau, hanyar sautin ce ta toshe. A ƙasarmu ƙurar hunturu tana haɗuwa da gumi da maiƙon fata ta liƙe ragar da ke rufe ramukan sauti, sai murya ta riƙa raguwa a hankali har ta zama kamar daga cikin rijiya. Masu walda, makanikai da masu wasa wuƙa suna da tasu matsalar daban: a cikin kowace sifika akwai maganaɗisu, shi kuma yana jawo garin ƙarfe ya tara shi a kan fatar da ke motsawa ta ba da sauti, sai ka ji tana zizara. Ɗauki busasshen buroshin haƙori mai taushi, ka kifa ramukan ƙasa, ka goge a hankali. Idan dattin ya daskare, jiƙa bakin buroshin da ɗan sifirit na isopropyl, mai ƙarfin kashi 90 ko sama, domin shi yana bushewa nan take bai bar ruwa a ciki ba. Kada ka tura allura ko tsinke cikin ramin. Bayan ragar kaɗan fatar sifikar take, siririya ce ƙwarai, kuma ɗan ramin da ke gefe ɗaya na makirfo ne. Allura tana iya lalata shi.

Duba kuma ko Bluetooth na haɗe da wata na'ura a ɗaki. Duba saman allo ko akwai alamar iyafis alhali ba ka saka komai ba, domin datti ko danshi a ramin iyafis yakan sa waya ta ɗauka an saka, sai ta ɗauke sauti daga sifika. Kashe wayar ka kunna. Idan bayan duk wannan sautin bai dawo ba, ko yana fashewa da zarar ka ƙara murya, to lokacin sauyawa ya yi.

Wayar da ke cikin garanti kada ka buɗe ta, buɗewa yana soke garantin. Masu Tecno, Infinix da itel su kai ta Carlcare, cibiyar gyaran wayoyin waɗannan kamfanoni.

Sayen sabuwar sifika

Sunan waya kaɗai ba ya isa. Kamfani yakan fitar da waya biyu masu suna kusan ɗaya amma cikinsu ya bambanta. Shiga saituna, ɓangaren bayanin waya, ka kwafi lambar samfurin. Na Samsung suna farawa da SM, misali SM-A125F na Galaxy A12. Na Infinix suna farawa da X. Da wannan lambar za ka je kasuwa, ko Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. Abin da ya fi shi ne ka ciro tsohuwar tukuna ka tafi da ita, a ɗora su gefe da gefe: siffa, ramukan noti, da wurin da ƙafafun tagulla biyun suke. Sau da yawa sifikar asali da aka ciro daga matacciyar waya irin taka ta fi sabuwar kwaikwayo ƙara da daɗewa.

Idan kana da mita, wato na'urar awon lantarki ta masu gyara, sa ta a ma'aunin om mafi ƙanƙanta ka taɓa ƙafafun biyu. Babbar sifika mai lafiya takan nuna tsakanin om 6 zuwa 8, ta kunne kuma kusan 30 a yawancin wayoyi, kuma za ka ji ɗan ƙas-ƙas lokacin da ka taɓa. Idan mita ba ta nuna komai ba, siririyar wayar tagullar da ke naɗe a ciki ta tsinke. Wannan gwajin yana da amfani ta fuska biyu: yana hana a sayar maka da matacciya, kuma idan tsohuwarka ta nuna lafiya, ka san matsalar tana wani wuri.

Kayan aikin ba su da yawa. Sukudireba mai bakin kuros lamba PH00 ko PH000 ta isa yawancin wayoyin Android, wasu kuma suna buƙatar mai bakin tauraro, T3 zuwa T5. iPhone tana buƙatar P2 don notuna biyu na ƙasa, da Y000 mai baki uku daga iPhone 7 zuwa sama. Sai hantsaki, siririn katin roba, robar da ke manne wa gilashi a ja shi, na'urar busar da gashi, gam B-7000 ko T-7000, da robar ɗaure kuɗi guda uku ko huɗu. Sukudirebar da ba ta dace ba tana cinye kan noti, noti mai cinyayyen kai kuwa ya fi sifikar kanta wahalar cirewa.

Buɗewa

Ajiye hotunanka da lambobinka a wani wuri tukuna. Bar cajin ya sauka ƙasa da kashi 25, saboda batir mai cike da caji idan aka huda shi bisa kuskure yana iya kamawa da wuta. Kashe wayar, ka cire gidan sim. Mutane da yawa suna manta wannan, sai su yi ta jan firam, wato zoben da ya kewaye jikin wayar, yana ƙin fitowa har ya karye. Yi aikin a kan tebur mai haske, ka shimfiɗa farin ƙyalle, ka kashe fanka.

Idan murfin bayan na roba ne mai ƙugiyoyi, sa farce ko kati a kusurwar ƙasa ka bi gefe-gefe, za ka ji suna sakin juna ɗaya bayan ɗaya. Idan liƙe yake da gam, ɗumama gefunan da na'urar busar da gashi na minti biyu zuwa uku, kana zagayawa, har ya yi zafin da hannu zai iya taɓawa amma ba zai daɗe a kai ba, wato wajen digiri 70 zuwa 80. Manna robar jan gilashi kusa da ƙasa, ja kaɗan, ka tura bakin katin cikin tsagar. Kada katin ya shiga fiye da milimita 3 ko 4. Idan ka ji ya cije, ƙara zafi, kada ka ƙara ƙarfi. Murfin gilashi ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi.

A nan ne ake yawan yin ɓarna. Wayar da ke da wurin ɗora yatsa a baya, akwai siririn fileks, wato faffaɗar wayar wuta mai lanƙwasa, da ya haɗa shi da fanel, babban allon da kayan wutar wayar suke kai. Ɗaga murfin a hankali kamar kana buɗe littafi, ka leƙa, ka cire fileks ɗin kafin ka raba murfin da waya. Wanda ya fizge ya tsinke shi.

Yanzu za ka ga notuna a kan murfin roba na sama da na ƙasa. Ɗauki hoto da wata waya. Zana siffar wayar a takarda, duk notin da ka kwance ka ajiye shi a gurbinsa a kan zanen. Ido yana ganinsu iri ɗaya amma tsawonsu yakan bambanta, kuma dogon noti a gajeren rami yana huda layukan fanel ko ya taɓo gilashi ta ciki. Wani notin yana ɓoye ƙarƙashin farar sitika.

Cire murfin sama ka ɓalle mahaɗin batir daga fanel kafin komai. Da farce ko roba za ka ɗaga shi, ban da ƙarfe. Kashe waya ba ya nufin babu wuta a fanel. Muddin batir na haɗe, hantsaki ɗaya da ya zame ya isa ya ƙona wani abu. Idan ka tarar batir ya kumbura, dakata da batun sifika, kada ka danna shi, a sauya shi tukuna.

Sauya sifikar

Babbar sifika iri uku ce a yadda ake ɗora ta. A yawancin wayoyin yanzu tana cikin baƙin akwatin roba a ƙasa, a kan ƙaramin allon caji da masu gyara ke kira dawun-bod. Kwance notunansa, ka ɗaga akwatin, shi ke nan ta fito. Ba ta da wayar wuta. Ƙafafu biyu masu ɗan sifirin ne ke danna wasu ɗigo biyu masu ruwan zinariya a kan allon. Kalli ɗigon nan da kyau. Idan sun yi kore ko baƙi, ruwa ya shiga, goge su da sifirit har su yi ƙyalli. Idan ƙafafun sun kwanta, ɗaga su kaɗan da hantsaki. Wani lokaci wannan kaɗai ke dawo da sauti, ba sai an saka sabuwa ba.

Iri na biyu tsirarar sifika ce mai kusurwa huɗu, an manna ta cikin gurbi a jikin firam. Lura da ɓangaren da ƙafafunta suke fuskanta kafin ka ɓanɓaro ta, ɗumama kaɗan, ka sa hantsaki ta gefe. Kankare tsohon gam, ka zaunar da sabuwar daidai yadda tsohuwar take. Ta kunne ma haka ake ɗora ta a yawancin Android, sai dai wasu sai an ɗaga fanel gaba ɗaya kafin a kai gare ta. Kada yatsa ko hantsaki ya taɓa fatarta.

Iri na uku, a ƙananan wayoyi masu araha, tana da wayoyin wuta biyu, ja da baƙa, da aka liƙa da dalma. Wannan sai da ƙarfen narka dalma mai siririn baki, zafi wajen digiri 330, taɓawa ta daƙiƙa biyu ko uku. Jar wayar ake liƙawa a wurin da aka sa alamar +. Wanda bai taɓa aikin dalma ba kada ya fara koyo a kan wayarsa, domin zafi mai yawa yana ɗaga ɗigon tagullar daga allon.

Abubuwa biyu suna kusa da sifikar ƙasa da ya kamata ka kiyaye. Akwai siririyar waya, fara ko baƙa ko shuɗiya, mai ɗan kai zagayayye kamar maɓalli, tana bin gefen batir. Ta eriya ce. Idan ta ɓalle ba ka mayar ba, ko akwatin sifika ya danne ta, za ka rufe waya ka tarar sabis ya yi rauni. Sai kuma ɗan zoben roba ko soso da ke bakin ramin sautin. Idan sabuwar sifikar ba ta zo da shi ba, ciro na tsohuwar ka mayar. Shi ke tilasta wa sauti fita waje. In babu shi sautin zai watse cikin waya, murya ta yi ƙasa, wanda kake magana da shi kuma ya riƙa jin amsa-kuwwar muryarsa.

Masu iPhone X zuwa 12 su yi hattara da sifikar kunne. Tana kan fileks ɗaya da na'urar da Face ID, wato buɗe waya da fuska, ke aiki da ita, kuma an ɗaure wannan na'urar da fanel ɗin wayar tun daga kamfani. Ka sauya fileks ɗin gaba ɗaya, sauti zai dawo amma Face ID ya tafi. Sifikar kaɗai ake cirewa da dalma a bar fileks na asali, wannan kuwa aikin ƙwararre ne.

Gwaji da rufewa

Kada ka sa gam sai ka gwada. Ɗaure notunan akwatin sifikar, domin su ne ke danna ƙafafun a kan allon, ka mayar da mahaɗin batir, ka kunna. Saka sauti ka ƙara murya har ƙarshe, ka yi kira, ka gwada makirfo, caji, sabis da wurin yatsa. Ɗaurin noti ya tsaya da zarar ya cije.

Idan sabuwar ma shiru, kashe ka ɓalle mahaɗin batir, ka sake zaunar da babban fileks ɗin da ya haɗa dawun-bod da fanel, ta nan sautin ke bi. Fileks yana shiga da ɗan ƙas idan ya daidaita. In bai shiga ba kada ka danna da ƙarfi, ƙafafunsa za su lanƙwashe. Idan har yanzu babu sauti alhali mita ta nuna sifikar lafiya, to ko dawun-bod ne, ko IC ɗin da ke ƙara ƙarfin sauti a kan fanel, wanda ruwa ko faɗuwa ke kashewa. Dawun-bod kana iya sauyawa da kanka, IC kuwa sai mai gyara da ke da injin iska mai zafi da madubin ƙara girma.

Idan komai ya yi daidai, kankare tsohon gam daga firam da murfi, ka goge da sifirit. Ja siririn layi na B-7000 a gefen firam, ka nisanci kyamara, maɓallan gefe da ramukan sauti. Kada ka yi amfani da sufa-gulu: yana bushewa ya yi tauri, tururinsa yana farar da gilashin kyamara, kuma ranar da za a sake buɗe wayar sai an fasa murfin. Jira minti biyu ko uku gam ɗin ya fara kamawa, ka ɗora murfin, ka danna gefuna, ka ɗaure da robar kuɗi. Bar ta haka awa biyu zuwa uku, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai bayan awa 24. Wayar da a da ba ta shan ruwa, daga ranar da aka buɗe ta ta rasa wannan kariyar, don haka a nisanta ta da wurin alwala da ruwan sama.