Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Zaɓen Bindigar Iska Don Maganin Ɓera da Gafiya

Da zarar an zuba gero da dawa a rumbu, an jera buhunan wake da gyaɗa a ɗaki, sai ɓera da gafiya su fara nasu girbin. Magidanta a ƙauyukan Kano da Jigawa kan guji bindigar toka a cikin gida, domin idan ta tashi da dare sai gari ya ɗauka ɓarayi ne suka shigo, shi ya sa wasu ke karkata ga bindigar iska. Sai dai rashin ƙararta yakan sa a raina ta, kuma daga wannan raini yawancin kurakuran suke tasowa.

Na farko shi ne ɗaukar ta a matsayin abin wasa da ba ruwan hukuma da shi. Dokar Makamai ta 1959 ta sanya bindigar iska cikin makaman da ba a mallaka sai da lasisin Sufeto-Janar na 'Yan Sanda, ta kuma hana ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi. Kafin mutum ya zaro kuɗinsa, ya fara zuwa ofishin 'yan sanda ya ji matsayin lasisi a lokacin, kuma yana da kyau mai unguwa ya san da ita.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne bin lambar da aka rubuta a jikin kwali, a zaci wadda ta fi gudu ita ta fi kyau. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, kuma duk ƙwayar dalmar (wato harsashin bindigar iska) da ta wuce wannan gudu sai ta yi tsawa irin ta bulala, komai kyawun bindigar. Wadda aka tallata da gudun ƙafa 1,200 a daƙiƙa ta haura wannan iyaka ke nan, musamman idan aka sa mata ƙwaya marar nauyi. Gyaran shi ne a nemi mai faɗin baki milimita 5.5 maimakon 4.5, a yi amfani da ƙwaya mai ɗan nauyi, domin tana tafiya a hankali, ƙararta ba ta kai ta waccan ba, kuma tana kashe gafiya nan take maimakon ta bar ta da rauni ta shige rami ta ruɓe. Irin bindigar da ke da tankin iska ba ta girgiza hannu, amma tana buƙatar famfo na musamman mai matsa iska har kusan "bar" 200 a ma'aunin matsin iska, wanda famfon keke ko na mai faci ba zai iya ba. A ganina, wadda ake karyawa a ɗana ita ta fi dacewa da ƙauye, tunda ba ta neman komai sai ƙarfin hannu. Ita ma tana da nata sharaɗin: kada a zuba mata man inji ko man keke a ramin iskarta, domin matsin yana kunna man ya fashe da ƙara, ya kuma ƙona robar ciki, kada kuma a harba ta babu ƙwaya.

Abin da ya fi damuna shi ne harbi ba tare da duba abin da ke bayan dabbar ba. Ƙwayar dalma tana ratsa zana da dangar kara kamar babu su, tana kuma dukan dutse ko bulon siminti ta dawo, ga shi gidajenmu cike suke da yara da awaki da kaji. Tana tsiyayar da ido, kuma idan ta sami ƙaramin yaro a ka tana iya yin ajalinsa, alhali babu wata ƙara da za ta gargaɗi na bayan danga. A ajiye ɗan tsaki ko ƙullin gyaɗa a gindin katangar laka ko gaban buhun yashi, a zauna nesa da bai wuce taku 20 ba, a harba ƙasa-ƙasa. Bayan an gama, a kulle bindigar a wuri ɗaya, ƙwayar a wani wurin daban.

Akwai kuma harbin abin da bai kamata ba. Tantabarar maƙwabci dukiyarsa ce, mujiya kuwa, duk da camfin da ake yi a kanta, ɓeraye take ci duk dare. Tsuntsun jan-baki da ke sauka kan shinkafa a fadamun Haɗeja ya fi ƙarfin kowace bindiga, wannan aikin hukumar noma ne.

Kada a yi harbi cikin rumbu ko kan shanya, domin dalma guba ce, kuma abin da ta yi wa yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010 bai kamata a manta da shi ba. Haka nan kada a ɗauki mushen ɓera da hannu, tunda ta fitsarinsa da kashinsa da jininsa zazzaɓin Lassa ke yaɗuwa. A kwashe shi da shebur, a binne da zurfi inda kare da mage ba za su tono ba, a wanke hannu da sabulu, sannan a toshe ramin da ya fito da laka mai haɗe da tsakuwa.