Yadda za ka yi musun Windows da Mac da Linux ba tare da ka ɓata yawunka a banza ba

Musun nan na wace kwamfuta ta fi ya girmi yawancin masu yin sa yanzu, tun shekarun 1980 ake fama kuma kusan kullum a wuri ɗaya yake maƙalewa. Ɗan Mac ya ce Windows tarkace ce sai nauyi da bairos da afdet ɗin da ba ya sallama, ɗan Windows ya ce ai ku kuɗinku kawai ake ci, ɗan Linux kuma yana gefe yana musu kallon waɗanda ba su waye ba. Daga nan sai wani ya jefo tambayar da ke kashe zancen, to in taku ce ta fi me ya sa duniya take kan Windows? In kana so ka shiga irin wannan gardama ka fito da wani abu a hannu, ga yadda za ka bi da ita.

Kafin komai ka tsayar da abokin musunka ka tambaye shi, ta fi a wane aiki, kuma a hannun wa? Kar ka yarda a wuce nan wlh, don rabin rigimar a nan take. Mai haɗa bidiyo da yake son batir ya kai shi yamma, da akawun da duk aikinsa yana cikin Excel mai cike da macro (umarnin da aka adana don ya riƙa maimaita aiki da kansa) na shekara goma, da yaron da gem ne kawai damuwarsa, da mai kula da sabar kamfani, waɗannan ba abu ɗaya suke nema ba ko kaɗan, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sannan ka raba ƙarfe da manhaja. Da yawa in suna yabon Mac, jikin laftof ɗin suke yabo, sikirin da sifika da batir, musamman tun da Apple ta fito da cif ɗinta M1 a 2020. Wannan yabo ne na gaskiya amma ba hujja ba ce a kan Windows, don ana ɗauko Mac mai tsada a gwada ta da laftof ɗin Windows mafi arha a kasuwa sai a ce ka ga bambanci. In za a gwada a gwada na farashi ɗaya.

Abu na gaba, ka san tarihin ko da sama-sama ne, don shi ne zai ba ka amsar waccan tambayar. A 1981 IBM ta fito da PC ɗinta cikin gaggawa, ta haɗa ta da kayan da kowa zai iya saya, cif daga Intel, babbar manhaja kuma, wato wadda ke tafiyar da na'urar gaba ɗaya, DOS daga Microsoft, kamfanin da daga baya ya fito da Windows, kuma yarjejeniyar ba ta hana Microsoft sayar wa wasu kamfanoni DOS ba. Kamfanin Compaq ya kwaikwayi BIOS ɗin IBM, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da na'urar in an kunna ta, ta hanyar da doka ba ta kama ta ba, ya fara sayar da PC ɗinsa a 1983, daga nan kamfanoni suka yi ca, kowa na ƙera irin PC yana karya farashi. DOS kuwa baƙin allo ne da rubutu, komai sai ka buga umarni da kibod. Macintosh ta zo a 1984 da linzami da hotuna a kan sikirin, a kan dala 2,495. Amiga ta Commodore ta zo a 1985, tana iya nuna kala har 4,096 tana gudanar da manhajoji da yawa lokaci ɗaya, abin da masu PC na gida ba su samu yadda ya kamata ba sai wajen Windows 95, shekara goma kenan. To ina Amiga yau? Commodore ta karye a 1994. Haka babbar manhajar OS/2 ta IBM, mutane da dama da suka yi aiki da ita sun ce ta fi Windows ta lokacin tsayuwa da ƙafarta, ita ma ta bi sahu.

Abin da za ka ciro daga nan shi ne mutum ba babbar manhaja yake saya ba, aikin da zai yi yake saya. 'Yan kasuwa sun sayi Apple II ne saboda VisiCalc, suka sayi PC saboda Lotus 1-2-3 da ta fito a 1983, dukansu manhajojin lissafi ne irin Excel, ba wanda ya je shago yana cewa a ba ni DOS don ina sonta. Kuma abin zagaye yake yi, inda mutane suka fi yawa nan masu rubuta manhaja suke zuwa, inda manhaja ta fi yawa nan sababbin mutane suke zuwa, mai ƙera firinta ya rubuta wa Windows direba, wato manhajar da ke sa firintar ta yi aiki da kwamfuta, da farko sauran kuma in ya ga dama, makaranta ta koyar da abin da ofis ke nema, ofis ya sayi abin da ma'aikata suka iya. In wannan zagayen ya kankama, wadda ta fi kyau da kashi kaɗan ba za ta iya fasa shi ba, sai ta fi da nisa sosai. Ita kanta Apple a 1997 da ta kusa durƙushewa, cikin abin da ya tallafe ta har da jarin dala miliyan 150 daga Microsoft da alkawarin ci gaba da yi wa Mac manhajar Office na shekara biyar, kuma in ka tambaye ni alkawarin Office ɗin ya fi kuɗin nauyi.

Kar kuma ka manta da maganar abin da aka tarar a ciki. Yawancin mutane ba su taɓa zaɓar Windows ba, sun sayi laftof sun kunna sun gan ta, shi kenan. Kuma ba duka ne ya zo da tsabta ba, akwai lokacin da Microsoft ke karɓar kuɗin lasisi daga masu ƙera kwamfuta a kan kowace na'ura da suka fitar ko da ba manhajarta ce a ciki ba, sai da gwamnatin Amurka ta sa ta daina a 1994, aka kuma sake kai ta kotu a 1998 kan danne abokan gasa. Wannan makami ne mai kyau in kana ɓangaren masu cewa yawa ba shi ne inganci ba, amma ka yi amfani da shi daidai, yana bayyana yadda aka kai ga yawan ne, bai nuna cewa yau Windows ba ta yi wa mutane aiki.

Sai tsadar ƙaura, wadda masu zuga mutane su sauya suka fi raina wa. Ana cewa sabo turken wawa, amma a nan ba duka ne wauta ba fa, lissafi ne. Mutum yana da fayil na shekaru, da manhajar da ya biya, da na'urar awo ko sikana da direbanta na Windows ne kaɗai, da wanda zai kira in abu ya lalace. Birnin Munich na Jamus misali ne da kowane ɓangare ke jawowa, sun yanke shawarar komawa Linux a 2003, aka ɗauki kusan shekara goma ana kwashe kwamfutoci wajen 15,000, sannan a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Ɗan Windows zai ce ka gani Linux ta gaza, ɗan Linux zai ce siyasa ce, kai dai abin da za ka riƙe shi ne ƙaura aiki ce ta shekaru da kuɗi da horar da mutane, ba famat da instolin na yamma ɗaya ba. Ko a cikin gida ɗaya ma haka ne, Windows XP ta fito a 2001, an daina tallafa mata a 2014, amma asibitoci da bankuna da masana'antu suka ci gaba da riƙe ta shekaru bayan nan.

Yanzu ga tarkon da za ka kiyaye, kar ka ɗauka kalmar mara inganci abu ce da kowa ya yarda da ita. Ana yawan kawo Betamax da VHS, tsarin kaset ɗin bidiyo biyu da suka yi gasa a da, a ce mai kyau ta faɗi mara kyau ta ci, amma kaset ɗin Betamax na farko awa ɗaya yake ɗauka, na VHS awa biyu, ga mai son ya naɗi fim cikakke wanne ne mai kyau? Haka PC, arha da samun kayan gyara da damar ka buɗe ka ƙara RAM ko ka sauya katin hoto duk inganci ne, kawai ba irin wanda injiniya ke yabo ba ne. Sau da yawa abin da ake kira mara kyau ya isa ne kawai, kuma ya isa ɗin ya zo da wuri a farashin da ake iya biya.

In kuma abokin musunka ya kafe a kan yawa shi ne hujja, sauya masa fili. Linux da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ba ta taɓa kama kwamfutar tebur ba, amma tun 2017 duk manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya ita suke ɗauke da ita, kuma Android ta wayoyi a kan ƙwayarta, wato ginshiƙin Linux ɗin, aka gina ta. To in yawa ne ma'auni sai ya faɗa maka yawan ina. Ka kuma nuna masa katangar tana iya tsagewa in an cire abin da ke riƙe mutane, Valve, wani kamfanin gem, ta fito da manhajar Proton a 2018 don gem ɗin Windows su yi aiki a Linux, ta biyo da na'urar gem ta hannu Steam Deck a 2022, mutane suka saya suna buga gem da yawansu ba su ma damu da cewa Linux ce a ciki ba. Haka komawar ayyuka cikin birawuza ta sa Chromebook, laftof ɗin da kusan komai a birawuza ake yi a cikinta, ta samu shiga makarantu.

In musun ya kai ga wani na tunanin sauyawa da gaske, ku bar baki ku koma gwaji. Ya rubuta manhajojin da yake buɗewa a sati, ba waɗanda yake jin zai buƙata wata rana ba, a duba kowace ɗaya ko tana ɗaya ɓangaren ko akwai madadinta da zai buɗe tsofaffin fayil ɗinsa ba tare da ya wargaza su ba. Photoshop da AutoCAD da Office na tebur ba su da sigar Linux, wasu gem na intanet ma manhajar hana maguɗinsu ba ta yarda da ita, gara ya sani tun yanzu. A sa Ubuntu ko Mint, waɗanda nau'o'in Linux ne, a filasha a tayar da kwamfutar daga nan ba tare da an taɓa ma'ajiyar fayil ta cikin kwamfutar ba, a gwada wayafai da firinta da kyamara da sauti, in Mac ce ya ari ta wani ya yi ainihin aikinsa a kai na kwana biyu. Wanda kuma tsohuwar kwamfutarsa ta kasa hawa Windows 11 saboda sharaɗin TPM 2.0, wani cif ɗin tsaro da Windows 11 ke buƙata, ga shi tallafin Windows 10 ya ƙare a Oktoban 2025, shi ne ya fi kowa dalilin yin wannan gwajin, amma ya kwafe fayil ɗinsa a wani wuri daban kafin ya danna komai.